Jan Layi a Arewacin Maigatari

Ruwa ne ya fara tarbata a Holan. Tun daga tagar jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga filin jirgi nake ganinsa: ruwa a gefen titi, ruwa a bayan gida, ruwa tsakanin gona da gona, ga wani kuma yana zubowa daga sama ba tsawa ba walƙiya, kamar an manta ba a rufe famfo ba. Ni kuwa ɗan mai haƙar rijiya ne daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, inda sai ka saki guga gaba ashirin da wani abu kafin ka ji ya taɓa ruwa. Na zauna ina kallo, a raina ina cewa da Baba zai ga ƙasar nan, da ya ce an kashe masa sana'a.

Digiri na uku ne ya kai ni. Karatun na shekara huɗu ne, amma da sharaɗi: in shekara ɗaya ta cika, kwamiti zai zauna ya duba aikina. In sun gamsu in ci gaba, in ba su gamsu ba in tattara ya-nawa ya-nawa in koma gida. Gida kuwa tun kafin in taso an riga an fara ce mini Dokta a majalisar ƙofar masallaci. Ban san da wane ido zan kalle su ba in na koma hannu biyu.

Sati ɗaya da zuwana aka fara cutata. Kowa a garin da keke yake yawo, har tsofaffi, ni kaɗai nake taka sayyada. Rannan a bakin tasha wani dogo ya tare ni da wani baƙin keke mai kwando, ya ce barin gari zai yi, shi ya sa zai rabu da shi da araha. Ni da na tashi ina zuwa kasuwar Maigatari, inda ko akuya ba a saye sai da dillali da shaida, na miƙa masa kuɗi ban ko tambayi sunansa ba. Kwana uku ina hawa ina jin kaina. A na huɗu na fito daga kanti na tarar da wata dattijuwa ta riƙe kan keken gam. Ta ɗaga sirdin ta nuna mini sunanta a rubuce a ƙasa. Nan take a raina na hango 'yan sanda, na hango jirgin komawa. Na ba ta labarin yadda aka yi.

Ta dube ni sama da ƙasa, ga ni jiƙe sharkaf, ta ce, "An cuce ka. Amma kai ma ka yi wauta."

Ban taɓa jin wanda bai san ni ba ya gaya mini magana haka ƙiri-ƙiri ba. Ta tura kekenta, ta ce in biyo ta. A bayan gidanta ta buɗe wani ɗan ɗaki ta fito da tsohon keken mijinta da ya rasu, ta ce in ɗauka, in na gama karatu in dawo da shi. Shi na hau shekara huɗu. Da na san abin da zai biyo baya, da tun ranar na gane cewa mutanen ƙasar nan zafin magana da alheri a tare suke ba da su.

Malamar da ke duba aikina sunanta Farfesa Ilse, wata 'yar siririya mai furfura, wadda abincinta na rana burodi ne da cuku a kan teburin aiki. Ta ce in riƙa kiran ta Ilse kawai. Na gwada, bakina ya ƙi. Aikin ɗakinmu shi ne lissafin yadda mai da gas da ruwa ke tafiya a cikin duwatsu da yashin ƙarƙashin ƙasa. Yawancin ɗaliban man fetur suke yi. Ni da ta tambaye ni wace ƙasa na fi sanin cikinta, na ce tamu, sai ta ce to a kan ruwan ƙarƙashin ƙasarmu za mu gwada sabuwar hanyar lissafin da take so a gwada.

Ga yadda abin yake. Ƙasa ba ta yarda ka leƙa cikinta, to sai ka zana ta a kwamfuta, ka yayyanka ta gutsi-gutsi, kowane yanki mai kusurwa uku, dubu bisa dubu, har taswirar ta koma kamar raga. Kowane ɗan yanki ka gaya masa ko shi yashi ne ko laka, ruwa nawa yake iya riƙewa, da saurin da yake barin ruwa ya wuce. Shi ba ruwansa da duniya, maƙwabtansa kawai ya sani: wanda ruwansa ya fi tudu ya miƙa wa na ƙasa da shi. Kwamfuta ta haɗa lissafinsu duka a lokaci ɗaya, ta ce maka ga inda ruwa zai tsaya bana, ga inda zai tsaya nan gaba in aka ci gaba da haƙa burtsatse. Wahalar tana bakin ragar. Yankin da ke ƙarshe ba shi da maƙwabci ta gefe ɗaya, dole kai ka gaya masa abin da ke bayansa, ko bango ne ko ruwa na shigowa.

Bayanan rijiyoyin da na taho da su na Gumel ne da Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. Suna kaiwa iyakar Nijar suka tsaya cak. Farfesa ta shimfiɗa taswirar, ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan iyakar.

Ta ce, "A nan bayananmu suka ƙare. Bari mu ɗauka bango ne, babu shiga babu fita. Me ka gani, Sunusi?"

Abin da na gani kuwa ba kaɗan ba ne. Tun ina sakandare, duk hutu ni ke riƙe wa Baba igiya a bakin rami, shi yana ƙasa yana haƙa. Mun yi aiki a wannan gefe, mun yi a tsallake, hanyar Dungas, inda abokin sana'arsa Baba Manzo yake. Baba yana da wata al'ada: duk ƙasar da aka jawo, kowace iri da tsibinta a bakin rijiya. Jan yashi, farar laka, tsakuwa, sannan wani lallausan farin yashi wanda in ya fito ka san ruwa ya kusa. Tsibin nan a jere ɗaya suke fitowa ko ta wane gefen iyaka. Babu wani bango a ƙarƙashin Maigatari, na san haka kamar yadda na san sunana.

Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Farfesa."

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce me ya hana ni magana. A gidanmu in babba ya faɗi abu, ko ka san da gyara, ba a gaban idonsa kake yi ba. Ko dai ka nemi wani babba ya kai masa cikin dabara, ko ka bari ya gano da kansa. Ga kuma matar nan littattafanta na karanta kafin in zo. Ni wa, da hujjata tsibin ƙasa ce? Na ce a raina ita ma za ta gano.

Sanyi ya shigo, rana ta riƙa faɗuwa tun kafin a tashi daga aiki. Kewar gida ta kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da na tsaya a kanti gaban wani ƙunshin gero, abincin tsuntsaye ne a wajensu, na kusa yin hawaye. Wanda ya riƙe ni a watannin nan shi ne Arif, ɗan Indonesiya, teburinsa kusa da nawa. Shi ya nuna mini masallacin Turkawa, wani tsohon gareji da suka gyara, tare muke zuwa Juma'a a kan keke. Matarsa in ta dafa shinkafa sai ta zuba kwano biyu, da yaji wanda ko a Gumel sai an yi masa shiri.

Lissafina kuwa ya ƙi. Duk sanda na sake shi, kwamfuta sai ta busar da rijiyoyin arewa cikin 'yan shekaru. Har da rijiyar ƙauyenmu, wadda na san a safiyar ranar ma an ja ruwa a cikinta. Na ƙara yawan yankunan ragar, na rage tsawon matakin lokaci, na bi rubutun shirin layi-layi ina neman kuskure. Na sami kurakurai biyu na gaske na gyara, na yi murna, rijiyoyi suka sake bushewa. Ina kallon jan layin nan kullum, na san shi ne, ina kauda kai.

Daga nan na fara abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Tunda bango ya hana ruwa shigowa ta gefe, sai na riƙa ƙaro shi ta sama. Na ɗaga yawan ruwan saman da ke shiga ƙasa a arewa, kaɗan yau, kaɗan gobe. Na ƙara wa yashin wajen ƙarfin riƙe ruwa. A hankali layin lissafi ya fara hawa kan ɗigon awon gaske, wato zurfin ruwan da aka auna a rijiyoyin. Kafin bazara, a cikin kwamfutata Maigatari ta fi Holan ruwan sama.

Wata rana da hantsi Arif ya kawo mini shayi, ya tsaya yana kallon allon kwamfutata.

Ya ce, "Sunusi, a garinku me kuke nomawa?"

Na ce, "Gero, da wake, da riɗi."

"To wannan ruwan saman na masu noman shinkafa ne. Mu ma ba ma samun haka kowace shekara."

Sai na kwashe komai na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma da ya zo ya yi wata shida yana ce wa Farfesa e, har sai da ta kusa sallamarsa, don mutanensu ma ba sa musu da malami. Ya ce, "Ta tambaye ka me ka gani. A nan in sun tambaya, tambayar suke yi da gaske."

Na ce to shi da ya daɗe da ita, ya taimaka ya kai mata maganar, kamar daga gare shi ta fito.

Ya girgiza kai. "In na je, abu na farko da za ta ce shi ne, shi ina bakinsa? Zan raka ka har ƙofa, amma kai za ka shiga."

Na ce gobe. Goben ta zama sati uku.

Saura sati shida kwamiti ya zauna Farfesa ta kira ni ofishinta. Ta buga lambobina a takarda, ta zagaye na arewa da wannan jan biron dai.

Ta ce, "Waɗannan daga ina suka fito?"

Na ce na daidaita su ne don lissafi ya hau.

"Na ga ya hau. Sunusi, ko dai ba ka fahimci aikin ba, ko kuma ka fahimta kana ɓoye mini wani abu. Na farkon ina iya gyarawa. Na biyun ba zan sa hannu a kansa ba."

Na ga dai ko na yi shiru komawa gida ce, ko na yi magana wataƙila komawa gida ce. Idona a kan takalmina na ce, "Farfesa, a yi haƙuri. Babu bango a wajen." Na gaya mata labarin Baba, da igiya, da tsibin ƙasa, da farin yashin da ke fitowa iri ɗaya ta kowane gefe.

Ta ajiye biron. "Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ranar da kika ja layin."

Fuskarta ta yi ja. Ta ce, "Wata tara. Ni ban taɓa taka ƙasarku ba. Layin nan biro ne kawai, na ja shi don ban san komai ba, na tambayi wanda ya sani ya ce mini haka ne." Ta tashi ta tsaya a bakin taga na ɗan lokaci, sannan ta juyo. "Na yarda da mahaifinka. Kwamiti ba zai yarda da labari ba. Ka kawo mini zurfin ruwa a rijiyoyin tsallake, ko guda goma ne. Kuma ka mayar da ruwan saman nan inda ka ɗauko shi."

Washegari da safe na kira Baba. Damina ta fara, yana gona. Bayan gaisuwa na yi masa bayani, ban rage komai ba.

Ya ce, "Sunusi, ranar da na fara ba ka igiya, me na ce maka?"

Na ce, "Kun ce in na ga bakin rami na zaizayewa, ko bango ya tsage, in yi magana."

"Na ce ka jira in fito tukuna? Na ce ka je ka nemo wani babba ya gaya mini?"

"A'a, Baba."

"To matar nan a cikin rami take. Ta ba ka igiya, ka ga tsaga, ka tsaya kana jin kunyarta. Da ni ka yi wa haka ai da yanzu maraya ne kai." Ya yi gyaran murya. "Rijiya nawa take so?"

Ya bar wa yayyena shuka, ya hau ɗan acaɓa ya tsallaka wajen Baba Manzo. Tsofaffin nan biyu suka bi ƙauyukan da suka yi aiki tun suna samari, kowa da igiyarsa da dutse ɗaure a baki. Sai su saki har su ji dutse ya taɓa ruwa, su jawo, su auna igiyar da hannu: gaba kaza, da kamu kaza. Da yamma Baba ya kira ya faɗa mini sunan ƙauye da zurfinsa, ni kuma in nemo ƙauyen a taswirar tauraron ɗan'adam in ɗauki tudun wajen. Cikin sati biyu suka kawo mini rijiya goma sha bakwai.

Da na jera su sai na ga wani abu. Duk rijiyar da Baba Manzo ya auna, ruwanta ya fi kusa, ko da kuwa tana maƙwabtaka da wadda Baba ya auna. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na tuna siffar mutanen. Baba gajere ne. Baba Manzo kuwa sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu. Gaba ai buɗe hannuwa ne daga yatsa zuwa yatsa, kowa da tasa. Ranar kasuwar Maigatari na roƙe su suka je wajen wani tela, suka tsaya a bakin rumfarsa hannuwa a buɗe, yana auna su da tef. Baba ya ce mutane har taruwa suka yi, telan kuma yana ta tambaya ko babbar riga za a aiko musu daga Turai. Da na gaya wa Farfesa ta yi dariya har da dukan tebur, ta ce lallai tsawon gabar kowannensu ya shiga rahoto da sunansa.

Na goge bangon. Na miƙa ragar zuwa arewa har ta rufe ƙauyukan nan goma sha bakwai, na ba bakinta zurfin da tsofaffin suka auna, na mayar da ruwan sama na masu noman gero. Na saki lissafin da safe, na kasa zama, na yi ta zagaye gini. Bayan azahar ya gama. Rijiyar ƙauyenmu ba ta bushe ba. Layin ya bi ɗigon awo, ba daidai-wa-daida ba, amma da gaskiyarsa. Wasu rijiyoyi biyu ta wajen Gagarawa suka ƙi hawa, hannuna har ya kai kan lambobinsu. Na janye shi, na je na ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa na ce ga guda biyu ban san dalilinsu ba. Ta ce, "Madalla. Rubuta haka."

Ranar kwamiti na faɗi komai da bakina, har da watannin da na yi ina ƙara ruwan sama. Wani tsoho a cikinsu mai kaurin gira ya tambaye ni mece ce gaba. Na miƙe na buɗe hannuwana a gabansu. Suka fitar da ni waje suka tattauna. Arif na zaune tare da ni a baranda yana ta ba ni gyaɗa, na kasa ci. Da aka buɗe ƙofa Farfesa ta ce, "Za ka ci gaba. Amma daga yau in ka ce mini haka ne, sai na tambaye ka sau biyu."

Sauran shekara ukun da daɗi na yi su. Aiki ne mai wuya, sanyi bai fasa ba, amma na iya musu, har wani lokaci na fi Arif. Da na gama na wanke keken dattijuwar nan, na sa masa sabuwar taya, na mayar mata. Ta duba shi ta ce sarƙar na neman mai, sannan ta rungume ni.

Sati biyu da dawowata gida, bayan an gama zuwa sannu da zuwa, Baba Manzo ya tsallako gaishe ni. Muka zauna a inuwar darbejiyar ƙofar gida, su biyu a kan tabarma, ni a gefe, ga wasu dattawan unguwa. Na shimfiɗa musu babbar taswirar da na bugo, da ragar da komai. Baba ya daina shiga rami, idonsa ma ya yi rauni, sai ni nake ɗora masa yatsa a kan ƙauyukan ina faɗar sunansu. Duk wanda na faɗa sai ya ba da labarin shekarar da suka haƙa rijiyarsa. Da muka zo kan ta ƙarshe, can arewa, ya juya ga dattawan ya ce, "Wannan ni na auna ta da hannuna. Gaba goma sha tara ce."

Na san ba haka ba ne. Lambar tana cikin littafina, shi ya faɗa mini ita a waya. Ga mutane, ga Baba Manzo. Na ji kaina ya fara sunkuyawa da kansa, bakina ya riga ya ɗauko amsar da ya saba.

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa. Ashirin da ɗaya ce da kamu ɗaya. Ku kuka auna."

Wani dattijo ya dube ni, ya dubi Baba. Baba bai ɗago ba, yatsansa na nan a kan taswirar.

Ya ce, "Manzo, ka ji?"

Baba Manzo ya ce, "Na ji."

"To yanzu ko yau na shiga rami, a ba shi igiyar."

Har yau ban sani ba ko mantuwa ya yi ko gwada ni ya yi. Ban tambaye shi ba, wannan kam da sauran kunya.